Caji, Cunkoso da Gigin Tsufa: Abin da Kwalbar Gwaji Ta Faɗa da Abin da Ake Ƙara Mata

Duk bayan 'yan watanni sai wani labari ya ɓullo a shafukan kimiyya, daga nan ya gangaro Facebook da WhatsApp: wai masu bincike sun gano yadda cajin lantarki da cunkoson da ke cikin ƙwayar halitta suke sa furotin ya karkace ya dunƙule a ƙwaƙwalwa, har ya jawo cutar Alzheimer ko ta Parkinson. Akan rufe labarin da albishir, cewa an kama hanyar magani. Idan kana da tsohuwa a gida wadda ta fara manta sunayen jikokinta, ko mahaifi da hannunsa ke karkarwa har kofin shayi ya gagare shi, ka san wannan labari ba na hira ba ne a wurinka. Shi ya sa ya kamata mu zauna mu auna shi da kyau.

Bari in faɗa maka matsayina tun daga farko. Maganar caji gaskiya ce, ta cunkoso ma haka. Amma mafi yawan gwaje-gwajen da ake kafa hujja da su a cikin kwalba aka yi su, kuma tsakanin kwalba da ƙwaƙwalwar dattijo akwai tafiya mai nisa da masu rubuta labarin ke tsallakewa. Mu kuwa a Kano muna da ma'aunin da za mu gwada wannan iƙirari da shi, wata cuta da kusan kowace zuri'a ta san zafinta, wato sikila.

Mu fara da awara

Furotin sarƙa ce ta ƙananan tubala da ake kira amino asid, kala 20. Sarƙar ba ta aiki a miƙe, sai ta naɗe ta ɗauki wata siffa takamaimai. Wasu tubalan suna ɗauke da cajin ragi, wanda masu gyaran batir ke kira nagetif, wasu na ƙari, wato fozitif, wasu ba su da caji kuma gudun ruwa suke yi kamar mai. Caji iri ɗaya yana ture juna, mabambanta kuma suna jan juna.

Ka je kowane lungu a Gama da hantsi, za ka iske ana nuna wannan darasi a kan murhu. Mai awara ta markaɗa waken suya, ta tace, ta ɗora a wuta. Madarar tana tafasa amma ba ta tsinke ba, domin furotin ɗin da ke ciki suna ɗauke da rarar cajin ragi, kowanne yana ture ɗan'uwansa. Da ta zuba ruwan tsami, tsamin ya kashe wannan rara, ture-turen ya ƙare, sai ka ga abu ya cure ya taso, ruwa ya ware gefe. Haka nono ke zama kindirmo: furotin ɗin madara yana curewa idan ma'aunin tsami na pH ya sauka kusa da 4.6. To, rabin abin da ake nufi da tasirin caji ke nan. Caji shi ne mai gadin da ke hana furotin rungumar juna. A 2003 Fabrizio Chiti da Christopher Dobson da abokan aikinsu sun fitar da lissafi a mujallar Nature da ke nuna cewa saurin dunƙulewar furotin yana bin abubuwa uku, kuma yawan caji na cikinsu.

Cunkoso fa? Christian Anfinsen ya sami kyautar Nobel a 1972 saboda ya nuna cewa idan ka warware furotin a cikin ruwa, ka janye abin da ya warware shi, zai koma siffarsa da kansa. Aiki ne babba. Sai dai ruwan da ya yi amfani da shi fili ne fetal, kamar titin Nassarawa GRA da asuba. Cikin ƙwayar halitta kuwa kasuwar 'Yankaba ce ana tsakar sauke kaya. Manyan ƙwayoyin sinadarai suna cin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na sararin. Yaro mai tallan goro zai ratsa wannan cunkoso ba wahala, amma wanda ya ɗauko katifa a shimfiɗe dole ya naɗe ta, kuma mutum uku masu katifa gara su haɗa kayansu wuri ɗaya. Allen Minton na Cibiyoyin Lafiya na Amurka shi ya fi kowa ɗora wannan tunani a kan lissafi, tun wajen 1981: cunkoso yana matsa wa furotin ya tsuke, yana kuma matsa masa ya haɗu da 'yan'uwansa.

Har nan babu gardama. Gardamar tana kan abin da aka gina a sama.

Ma'aunin sikila

Gwajin jinotayif da ake yi kafin aure, wanda Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024, a asalinsa gwajin caji ne. Ana ɗiga jini a kan takarda ta musamman, a saki lantarki, himogulobin ya yi ta tafiya zuwa ɓangaren ƙari. Nau'in A yana gaba, S yana bin baya, C kuma shi ne kurar baya. Linus Pauling da Harvey Itano da abokansu ne suka fara ganin wannan bambanci tsakanin A da S a 1949. A 1956 zuwa 1957 Vernon Ingram a Kambirij ya gano dalili: a gurbi na 6 na sarƙar beta, gulutamet mai cajin ragi ya fita, balin marar caji ya maye gurbinsa. Tubali ɗaya tak cikin 146.

Da a yau aka yi wannan bincike, na tabbata kanun labarin zai ce rashin caji ne ke jawo sikila. Kuma da an yi kuskure. Ga hujja. Himogulobin C, wanda ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana, a wannan gurbi na 6 ɗin aka canza shi, kuma canjin cajinsa ya ninka na S, tunda lisin mai cajin ƙari ne ya shiga. Duk da haka ba ya yin zaren da ke lanƙwasa ƙwayar jini ta koma lauje. Akwai kuma wani nau'i da aka fara gani a Makassar ta Indunusiya, inda alanin ya maye gurbin gulutamet ɗin. Cajin da ya ɓata daidai yake da na S, a takardar gwaji ma wuri ɗaya suke tsayawa, amma masu shi lafiyarsu lau. Ashe mai laifin balin ne, saboda gudun ruwan da yake yi: yana cusa kansa cikin wani ɗan rami mai maiƙo a jikin himogulobin na kusa, ramin da ke samuwa idan iskar oksijin ta fita. Caji tuta ce da ta nuna mana inda ɓarnar take. Ba shi ya yi ta ba.

Ka riƙe wannan, za mu buƙace shi.

A ɓangaren cunkoso kuwa, sikila ita ce misali mafi kammala da kimiyya take da shi. Idan ka taɓa karɓar sakamakon cikakken gwajin jini, ka duba layin da aka rubuta MCHC, za ka ga lamba tsakanin 32 da 36. Ma'anarta, a kowace lita ta cikin jar ƙwayar jini akwai himogulobin kusan giram 340. Wannan ba ruwa ba ne, kunu ne mai kauri. A 1974 James Hofrichter da Philip Ross da William Eaton suka gano cewa himogulobin S ba ya fara yin zare nan take, akwai ɗan jinkiri, kuma tsawon jinkirin yana bin kaurin himogulobin ta hanya mai ban tsoro. Idan ka rage kaurin da kashi 10 cikin 100 kacal, jinkirin yana ninkuwa fiye da sau 20. Ƙwayar jini kuwa wajen daƙiƙa ɗaya take yi tana ratsa siririyar jijiya. Idan jinkirin ya fi daƙiƙar tsawo, ta tsira ta koma huhu. Idan bai kai ba, ta maƙale.

Ka ga yadda bayanin ya haɗu? An auna kaurin a cikin ainihin ƙwayar mutum. Zaren da aka gani a kwalba shi ne aka gani a jinin marar lafiya. Lissafin lokaci ya dace da abin da jiki ke yi. Ya kuma bayyana abubuwan da iyaye mata suka daɗe da lura da su: jariri ba ya fara ciwon sai ya yi 'yan watanni, domin himogulobin na jarirai, wato F, ba ya shiga zaren, surki yake yi masa. Maganin haidiroksiyuriya ƙara wannan F ɗin yake yi, kuma likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala sun gwada shi a kan yaranmu don kare su daga shanyewar ɓarin jiki, sakamakon ya fito a manyan mujallu. Wannan shi ake kira bayanin da ya tsaya da ƙafarsa.

Wajibi ne in ja hankalinka kan bambanci ɗaya. A sikila himogulobin yana naɗe daidai, jeruwa kawai yake yi, kuma zaren yana narkewa da zarar oksijin ta dawo. A cututtukan ƙwaƙwalwa furotin ɗin sauya siffa yake yi gaba ɗaya, ya shiga wani irin zare mai taurin kai da ake kira amiloyid. Don haka ba cuta ɗaya ba ce. Ma'aunin hujja nake aro, ba tsarin cutar ba.

To, mu ɗora ƙwaƙwalwa a kan sikelin

Furotin uku ne aka fi zargi. Amiloyid-beta, ɗan guntu mai tubala 40 ko 42, da tau, su ne na cutar da Alois Alzheimer ya bayyana a 1906. Na uku alfa-sinukilin mai tubala 140, wanda a 1997 aka gano shi ne ke cike dunƙulen da ake gani a ƙwaƙwalwar masu Parkinson. Abin da ya kamata ka sani, dukansu ukun ba su da tsayayyar siffa idan suna yawo su kaɗai, kamar igiya suke a ruwa. Don haka maganar da ake yawan yi cewa sun naɗe ba daidai ba tana ɓatar da mutum. Matsalarsu ita ce sun ɗauki siffa a inda bai kamata su ɗauka ba.

A ba masu wannan bincike haƙƙinsu, suna da hujjoji masu nauyi. Wutsiyar alfa-sinukilin cike take da cajin ragi, kuma idan aka gutsure ta, ko aka ƙara tsami, dunƙulewa tana sauri, tamkar awara. Wata zuri'a a Sifaniya da aka bayyana a 2004 tana gadon Parkinson saboda gulutamet na gurbi na 46 ya koma lisin. A 2003 an gano wata zuri'a a jihar Iowa ta Amurka da furotin ɗinsu ba shi da aibi ko kaɗan, kwafin ƙwayar gadon ne ya yi yawa, jiki yana ƙera shi ninki biyu, sai cutar ta kama su da wuri. Masu lalurar Down ma suna da ƙarin kwafin ƙwayar gadon da ke samar da amiloyid-beta, kuma da yawansu suna kamuwa da Alzheimer tun kafin tsufa. Yawa yana da tasiri, wannan ba a kwalba kaɗai aka gani ba.

Yanzu ka duba gurbi na 22 na amiloyid-beta. Shi ma gulutamet ne. A wasu zuri'o'i na garuruwan bakin teku a Holan ya koma gulutamin. A Italiya ya koma lisin. A arewacin Suwidin ya koma gilaisin. Duka ukun sun rasa cajin ragi a wuri guda. Da caji ne kaɗai ke magana, da cuta ɗaya za su yi. Amma na Holan da na Italiya furotin ɗin ya fi taruwa a bangon jijiyoyin jini, zubar jini a ƙwaƙwalwa ke kashe su, na Suwidin kuma gigin tsufa irin na Alzheimer suke yi. Labarin S da C da Makassar ne ya sake dawowa da wata riga. Duk takardar da ta nuna maka an cire caji, dunƙulewa ta yi sauri, sannan ta tsaya nan, to ba ta kai inda Ingram ya bar mu shekara kusan 70 da suka wuce ba.

Babbar matsalar ma tana gaba, kuma tau ce ta tona ta. Tau furotin ne mai son ruwa ƙwarai, tsakiyarsa cike da cajin ƙari. Ka zuba shi a kwalba ka jira, ba zai yi zare ba. A 1996 Michel Goedert da abokan aikinsa a Kambirij suka nuna cewa idan aka zuba hefarin, maganin nan na hana jini daskarewa mai ɗauke da tarin cajin ragi, tau yana yin zare cikin sauƙi. Ruwan tsamin mai awara ke nan, sai dai ta ɗaya gefen. Dabarar ta yaɗu ko'ina. Fiye da shekara 20 ɗakunan bincike suna yin zaren tau da hefarin, suna auna shi, suna gwada dubban sinadarai a kansa don neman wanda zai hana shi.

Sai na'urar hangen ƙananan abubuwa mai aiki da lantarki a cikin tsananin sanyi ta ƙarfafa. A 2017 ƙungiyar Goedert da Sjors Scheres suka fitar da siffar zaren tau da aka ciro daga ƙwaƙwalwar wadda ta rasu da Alzheimer, tubali bayan tubali. A 2019 suka juya na'urar kan zaren hefarin. Sakamakon: siffofinsa iri-iri ne, kuma babu ko ɗaya da ya yi daidai da na marar lafiya. Ka lura, mutumin da ya kawo dabarar yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar da ta rage mata daraja, kuma wannan abin a yaba ne. Amma ka yi tunanin maƙerin da ya shekara 20 yana ƙera mabuɗi, ashe kwaɗon da aka ba shi samfuri ba na ƙofar ba ne.

Alfa-sinukilin ma bai tsira ba. A 2020 an ciro zarensa daga ƙwaƙwalwar masu wata cuta 'yar'uwar Parkinson da ake taƙaita sunanta da MSA. A tsakiyar zaren an ga wani abu da ba furotin ba ne, tubala masu cajin ƙari sun kewaye shi. Wato caji yana da hannu dumu-dumu, amma ta hanyar wani baƙo da babu shi a kwalbar kowa.

Cunkoson ƙarya

Yadda ake kwaikwayon cunkoso ma abin dubawa ne. Ana zuba wasu dogayen sinadarai marasa caji, irin su PEG da Ficoll, har ruwan ya yi kauri. A 2002 ƙungiyoyi biyu daban, ta Peter Lansbury da ta Anthony Fink, sun nuna cewa hakan yana hanzarta zaren alfa-sinukilin sosai. Daidai da hasashen Minton. Sai dai waɗannan sinadarai kamar buhunan da aka jibge a hanya suke, wuri kawai suke ci. Maƙwabtan furotin a cikin ƙwayar halitta kuwa mutane ne masu hannu: wani ya ja ka, wani ya ture ka, wani ya riƙe maka riga kuna gaisawa. Ɗakin binciken Gary Pielak a Amurka ya gwada cunkoso da ainihin furotin maimakon Ficoll, sai ya ga sau da yawa abin juyewa yake yi, furotin ɗin da ake sa ran zai ƙara tsukewa sai ya sassauta, saboda ja-in-ja na caji da maƙwabta. A 2016 kuma ƙungiyar Philipp Selenko a Balin ta saka alfa-sinukilin cikin rayayyun ƙwayoyin halitta, har da na jijiya, ta leƙa shi a can. Yana nan a sake, shi kaɗai, bai dunƙule ba, duk da cunkoson da ya kewaye shi.

Abin da na fi jin haushinsa a labaran da ake yaɗawa shi ne yadda ake jera caji da cunkoso kamar abubuwa biyu, a auna wannan a rubuta, a auna wancan a rubuta. A cikin ƙwayar halitta abin da ya cunkushe ka shi ne mai cajin da ke taɓa ka. Ba a raba su.

Sai maganar yawa. A ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa amiloyid-beta ɗan mitsitsi ne. A kwalba akan zuba ninkinsa dubu ko fiye, a yi ta girgizawa, don abin da ke ɗaukar shekaru 20 a jikin mutum ya faru kafin ɗalibin digiri na uku ya tashi aiki. Ba ha'inci ba ne, dole ce ta sa. Masu kare hanyar suna da amsa mai ma'ana: akwai wasu ƙananan jakunkuna a cikin ƙwayar halitta, laisosom, inda ake tara shara a narkar, cikinsu akwai tsami, pH tsakanin 4.5 da 5, kuma furotin yana taruwa a ciki ya yi kauri. Can ne tukunyar awarar, in ji su. Ina ganin wannan ce hanya mafi ƙarfi da binciken yake da ita. Wani abu daga gida ma ya ƙara mata nauyi: a 2023 wani babban bincike da Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas take cikin jagororinsa ya gano wani sauyin gado da ke ƙara haɗarin Parkinson a tsakanin 'yan asalin Afirka, mafi yawan masu cutar a cikin mahalartan 'yan Najeriya ne, kuma sauyin yana cikin ƙwayar gadon GBA1, wadda aikinta a laisosom yake. Amma ko a nan akwai murɗiya. Binciken Ralph Nixon a New York ya nuna cewa a ɓerayen da aka sa wa cutar Alzheimer, matsalar laisosom ita ce tsaminsa ya ragu, ya kasa narkar da shara. Kwalba ta ce tsami ne ke curar da furotin, ƙwayar halitta ta ce rashin tsami ne ke barin sa ya taru.

Nan ne zan tsaya in yi magana da kai kai-tsaye. Idan wani ya zo maka da jarkar ruwa ko garin magani, ya ce yana rage tsamin jiki ko yana daidaita cajin ƙwaƙwalwa, har ya nuna maka hoton takardar bincike a waya, ka riƙe kuɗinka. Jini yana tsare ma'auninsa tsakanin 7.35 da 7.45, huhu da ƙoda ne ke wannan gadi dare da rana, kuma duk abin da ka sha sai ya fara faɗawa cikin ruwan tsamin tumbi. Da ma a ce yana isa laisosom ya rage tsaminsa, ɓarna zai yi.

Ko magani na gaske, wanda aka gina a kan sahihin bayani, ba lallai ya yi abin da aka zata ba. Sikila ta koya mana wannan da tsada. An ƙera wani magani, senikafok, don ya hana jar ƙwayar jini bushewa, wato ya rage cunkoso kai-tsaye. Ya yi hakan, jini ya ƙaru, amma tashin ciwo bai ragu ba, aka dakatar da gwajin. Oxbryta, wanda ke hana himogulobin S yin zare, an amince da shi a Amurka a 2019, a Satumban 2024 kamfanin Pfizer ya janye shi daga kasuwa saboda bayanan da suka nuna haɗarinsa ya rinjayi amfaninsa. Idan haka ta faru a cutar da aka san lissafinta har zuwa daƙiƙa, ina ga wadda ake kan gardamar wane dunƙule ne ma yake kashe jijiya?

Leqembi, maganin Alzheimer da aka fi magana a kansa, tushensa binciken Lars Lannfelt ne a kan waccan zuri'a ta arewacin Suwidin. A gwajin mutum 1,795 na wata 18, ya share amiloyid daga ƙwaƙwalwa sosai. Lalacewar tunani kuwa ta ragu da kashi 27 cikin 100, wanda a ma'aunin likitoci mai maki 18 bai kai rabin maki ba. Kusan mutum 1 cikin 8 sun sami kumburin ƙwaƙwalwa da ake gani a hoto. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala 26,500 ne a shekara, ban da hotunan MRI da dole a riƙa yi. Ci gaba ne, ba na musu. Amma ka kwatanta girman abin da aka share da ƙanƙantar abin da marar lafiya ya samu.

Ba na so ka tashi da tunanin cewa aikin kwalba shirme ne. Gyaran ma daga cikinsa yake fitowa. A 2022 Sofia Lövestam, a wancan ɗakin bincike na Kambirij, ta yi nasarar yin zaren tau a kwalba wanda siffarsa ta yi daidai da ta Alzheimer, ba tare da hefarin ba, ta hanyar amfani da guntun tau da gwada yanayi iri-iri. Abin mamaki, sauya irin gishirin da ke cikin ruwan ya isa ya karkatar da zaren zuwa siffar wata cuta daban, wadda ke kama 'yan dambe da masu yawan buguwa a kai. Wannan shi ne irin aikin da ya cancanci kanun labari: ya nuna caji yana zaɓen siffa, kuma an tabbatar da siffar da abin da aka ciro daga jikin mutum.

Daga jikin wane mutum? Nan ne namu ƙalubalen yake. Binciken da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da Indianapolis ya nuna a 2001 cewa a kowace shekara kashi 1.35 cikin 100 na dattawan Yarabawa ne ke kamuwa da gigin tsufa, a baƙaƙen fatar Amurka kuwa kashi 3.24, kuma ƙwayar gadon APOE4 da ake tsoro a Turai ba ta nuna ƙarfi iri ɗaya a Ibadan ba. Furotin ɗin iri ɗaya ne, muhallin da yake ciki ne ya bambanta, kuma ai maganar caji da cunkoso gaba ɗayanta maganar muhalli ce. Ibadan ta kafa ma'ajiyar ƙwaƙwalwa don bincike. A Kano muna yi wa mamaci sutura cikin 'yan sa'o'i, kuma binciken gawa ba abu ne da iyalai ke karɓa da sauƙi ba, don haka hanyarmu ta fi karkata ga jini.

A Mayun 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da gwajin jini na farko don taimaka wa gano Alzheimer. Abin da yake aunawa ya haɗa da tau da aka liƙa wa fosfet a gurbi na 217, kuma fosfet ɗin cajin ragi yake ƙara wa furotin ɗin. Amma an riga an nuna cewa ciwon ƙoda yana ɗaga wannan ma'auni a jini ko da ƙwaƙwalwa lafiya take. A garin da hawan jini da ciwon suga ke lalata ƙodar dattawa da yawa ba tare da sun sani ba, iyakar da aka yanka a Amurka ko Suwidin za ta iya liƙa wa Baba cutar da ba shi da ita. Kafin gwajin ya iso ɗakunan gwaje-gwajen Kano, akwai buƙatar a ɗebi jinin dattawan Gama da Gwagwarwa da Tudun Wada, masu mantuwa da marasa ita, a auna tau ɗinsu tare da aikin ƙodarsu, a fitar da iyakar da ta dace da su.